Ruwan Manchester da Gyaɗar Yaya Ilu

Aminu, Zainab, Sadiya, wannan babin naku ne fiye da sauran. Na san abin da ake faɗa a dangi game da dawowata daga Ingila ba tare da Ummanku ba. Wasu sun ce faɗa muka yi. Gwaggonku ta Gwiwa ta ce girman kai ne, wai na kasa zama a gidan da mace ke fita aiki ni ina cikin ɗaki. Na yi shiru a lokacin domin ni kaina ban san abin da zan ce ba. Yanzu ma ba zan ce na gama ganewa ba. Zan dai faɗa muku yadda abin ya faru bi da bi, ku yi masa hukuncin da kuka ga ya dace.

Kun san na yi shekara talatin da ɗoriya ina malamin gona. Babu ƙauyen da babur ɗina bai shiga ba tsakanin Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, har bakin iyaka ta wajen Babura. Da na yi ritaya, wata ƙungiya a Kano ta ɗauke ni wani aiki da ban taɓa jin irinsa ba. Manomi zai aiko da saƙon murya ta waya, ya ce ga abin da ya gani a ganyen dawarsa, ko ya tambayi lokacin zuba taki, ni kuma in saurara a kwamfuta in ba shi amsa da Hausar da zai gane. Kowace Litinin kuma ina ɗaukar muryata a saƙo guda, a tura wa duk manoman yankinmu da suka ba da lambarsu. A zauren gidanmu na Kazaure nake yi, da 'yar sola a kan rufi. Idan tambaya ta ɗaure mini kai sai in rufe kwamfutar, in hau babur in je in gani da idona. A lokacin ban ɗauki wannan hawan babur a bakin komai ba. Gani nake shan iska nake yi.

Ummanku, Binta, ta yi shekara uku tana karatun jarrabawa iri-iri kullum bayan ta dawo daga aikin asibiti a gajiye, har Allah ya sa aka ɗauke ta aikin nas a birnin Manchester. Ranar da amsar ta zo, ta same ni a zaure da abin saurare a kunne. Ta jira na cire.

"Malam, kai aikinka a jaka yake shiga. Ka ɗauko shi mu tafi tare. Ni kaɗai ba zan iya zaman can ba."

Na kira shugabar sashenmu a Kano, ta ce in dai akwai intanet, ko a duniyar wata nake ba matsalarta ba ce. Na je Roni na sanar da yayana Ilu, wanda ke riƙe da gonarmu ta gado. Samarin ƙofar gidansa suka yi ta murna, don sun san sunan garin ta ƙwallo. Shi kuwa abu ɗaya ya tambaye ni, wai su a can me suke shukawa. Na ce in na je zan duba masa.

Mun sauka a ƙarshen watan Oktoba, lokacin da a gida ake kai amfani rumbu. Masaukinmu ɗaki biyu ne a hawa na uku, da taga guda babba mai kallon titi. A jikin tagar na kafa teburina. Da gari ya waye na leƙa sai na ga ana yayyafi, raina ya yi fari, na ce mun shigo da alheri. Na ce bari ya ɗauke in fita in ga gari.

Dole in tsaya in yi muku bayani, ko da yake kun san ruwan gida. A wurinmu ruwa yana sallama kafin ya shigo. Zafi zai tsananta, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya, a shigar da awaki, sannan ya zubo da ƙarfinsa, ya gama, ya tafi, rana ta fito. Wanda ya kama a hanya ya fake a zauren wani a yi ta hira, in ya ɗauke kowa ya kama gabansa. Babba ba ya tafiya cikin ruwa sai da lalura. Na can kuwa babu hadari, babu tsawa, babu ƙamshin ƙasa. Sama tana nan kalar toka daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani abu yana saukowa tsakanin yayyafi da raɓa. Ya lafa kamar zai tsaya, kana neman hularka ya dawo. Ba sanyi ne mai kisa ba, ba kuma zafi. Kamar marka ce da ta ɓata watanta ta rasa hanyar gida.

Kwana tara na yi ban sauka daga benen nan ba. Ba na jin na yanke shawarar haka. Kullum dai in buɗe kwamfuta in yi aikina, in ɗaga kai in ga bai ɗauke ba, in ce to anjima. Juma'ar farko ma a ɗaki na yi azahar. Ina ganin mutane a ƙasa suna wucewa, wasu ko lema babu, har da tsohuwa mai jan kare, sai in ce lallai garin nan masu uzuri sun yi yawa. Ummanku tana fita tun da duhu ta dawo da duhu, ba ta lura ba sai rana ta tara, da ta ga takalmina a inda na cire shi ranar da muka zo.

"Malam, tun da muka sauka ka taka ƙasa kuwa?"

"Ina jira ya ɗauke."

Ta fara dariya har ta zauna da jiƙaƙƙiyar rigarta a kan kujera. Da ta ga da gaske nake sai dariyar ta tsaya. Ta ce abokan aikinta sun gaya mata haka zai yi ta yi har bayan wata biyar, kuma bayan wata biyar ɗin ma ba wai zai daina ba ne. Na tambaye ta to yaushe ne damina, yaushe ne rani. Ta ce ita ma ta tambaya, ba su gane tambayar ba.

Juma'a ta biyu na fita da lema, iska ta juye ta kafin in kai masallaci. A can na haɗu da Alhaji Tanko, Bahaushen Kumasi, direban bas ne da ya haura shekara ashirin a garin. Hausarsa irin ta zango ce, mace ma "ya" yake ce mata. Ya ji ina salati da karyayyiyar lema a hannu, ya matso ya tambaye ni ko daga arewa nake. Muka gaisa, na ce masa ya ruwa. Ya ce tun da ya zo ƙasar ba wanda ya yi masa wannan gaisuwa, har ya manta amsarta. Na tuna masa cewa ana cewa ruwa ya yi gyara.

"Gyaran me?" in ji shi.



Shi ya koya mini zaman garin. Ya kai ni kanti na sayi rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya shan ruwa, ya ce in manta da lema. Ya ce kowace rana, da tsakar rana, ko me sama take yi, in rufe kwamfuta in fita in yi tafiyar awa guda, don masu aiki a ɗaki irina su garin yake fara cinyewa. Ya ce in riƙa buɗe taga kaɗan ko da ina jin sanyi, in ba haka ba fumfuna za ta kama bango, kuma ta riga ta fara, baƙa-baƙa a bayan labule. Ya ce kada in shanya wanki a kan hitar ɗumama gida in rufe ɗaki. Babbar rigata ta shadda kwana uku ta yi a rataye ba ta bushe ba, ta koma wari kamar tsohon buhu. Da gaɓoɓina suka fara ciwo, ina barci ba ya isata, likita ta auna jinina ta ce rashin rana ne, ta rubuta mini ƙwaya. Ni ɗan Roni, da na yi rayuwata ina neman inuwa, yau ga ni ina haɗiyar rana a ƙwaya da ruwan shayi. Na gaya wa Yaya Ilu a waya, ya ɗauka wasa nake.

Lokaci ma ya rikice mini. A tsakiyar sanyi rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, ita ma ba ganinta kake ba, duhu ne kawai ke ƙaruwa. Azahar da la'asar da magariba suka matso jikin juna. Ni da nake gane azahar da inuwar katanga, sai waya ce ke gaya mini, kuma zuciyata ba ta taɓa yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Akwai ranar da na ci abincin rana sau biyu, akwai ranar da ban ci ba sam, duk ban sani ba sai da Ummanku ta duba tukunya. Kano tana gabanmu da awa ɗaya, na saba da cirewa. Sai a watan Maris mutanen ƙasar suka tura agogonsu gaba, muka zama daidai da gida, ba wanda ya gaya mini. Ranar taron mako da muke yi da ofishin Kano ta intanet na shiga tun awa guda kafin lokaci, na zauna ina kallon fuskata ni kaɗai a kwamfuta, ina ta lissafin laifin da na yi da aka cire ni ba a sanar da ni ba.

Amma abin da ya fi juya mini kai shi ne kunnena yana gida, idona yana Manchester. Lokacin bazara, in sa abin saurare sai in ji zakara yana cara a bayan muryar mutum, in ji injin niƙa, in ji manomi daga wajen Gwiwa yana cewa rijiyarsu ta ja baya, zafi ya hana dabbobi kiwo. Ina jin ƙishirwa a muryarsa. Ni kuwa ina lulluɓe da bargo, ruwa yana gangarowa a gilashin gabana. In na cire abin daga kunne nakan yi ɗan jim ban san inda nake ba. Wata rana wani ya kwatanta mini wata tsutsa da ban gane ba, na miƙe har bakin ƙofa ina laluben makullin babur a aljihu.

Duk da haka na iya. Ina so ku san wannan, domin masu cewa na kasa zaman can ba su faɗi daidai ba. Na riƙe tafiyar tsakar rana. Akwai wata doguwar hanyar ruwa da aka haƙa a bayan unguwarmu, ita nake bi. Ciyawa shar ko'ina, ba saniya ko ɗaya, har raina kan ɓaci in na tuna Fulanin Gwiwa da shanunsu a watan Afrilu. Kwana biyu a mako ina kai kwamfutata laburare don in ga mutane. Na koyi gane ruwan da zai jiƙa mutum da wanda zai tsaya a kan riga kawai. Ciwon gaɓoɓi ya tafi. Kafin wata bakwai na zama ina saka rigar ruwa in fita ba tare da na ɗaga kai ba. Na daina duban sama gaba ɗaya, don ba abin da za ta gaya mini. Har alfahari nake da hakan, Alhaji Tanko yana cewa na zama ɗan gari.

A ƙarshen watan Mayu, ranar wata Lahadi da hantsi, Yaya Ilu ya kira ni. Ya ce an yi ruwa mai ƙarfi daga Roni har Gwiwa, na farko a shekarar. Yana da irin gyaɗa mai saurin nuna, wanda ni na samo masa shekarun baya, ya yi ta adana shi yana ƙaruwa har ya isa rabin gonar. Yana tambaya ko ya shuka.

Shekara talatin ina da ka'ida guda da kowane manomin yankin ya sani daga bakina: gero yana iya bin ruwan farko, gyaɗa sai ta jira na biyu. Da a zaure nake, da na ce ya tona ƙasa ya gaya mini inda danshi ya tsaya. Da na tambaye shi ko gawo ya fara zubar da ganye, ko shamuwa ta sauka, daga wace kusurwa iskar ta biyo. Da ma na hau babur na je, tafiyar ba ta da nisa. Ranar ban tambaye shi ko ɗaya ba. Na buɗe taswirar hasashen yanayi da muke aiki da ita, na ga ta nuna ruwa a kan yankinmu har ƙarshen mako. A bayan kwamfutar kuma ga taga, ruwa yana sauka kwana na goma sha ɗaya a jere.

"Shuka, Yaya. Ruwa ya zauna."

"Ka tabbata, Habu? Ni ban ji sanyin ƙasar ya ratsa ba."

"Ga shi ina gani a gabana."

Na sha juya wannan magana a raina. Har yau da nake rubutun nan ban san wanne nake nufi ba, taswirar ko tagar. Washegari Litinin na ɗauki saƙon mako, na faɗa wa kowa abin da na faɗa wa yayana.

Ruwa bai dawo ba sai bayan kwana ashirin da uku. Gyaɗar ta tsiro, ta buɗe ganye biyu, rana ta ƙone ta a tsaye. Ba kowa ne ya bi maganata ba, tsofaffi da yawa sun jira, amma waɗanda suka bi suna da yawa, kuma su ne waɗanda suka fi yarda da ni. Saƙonni suka fara shigowa. Wata mata daga wajen 'Yankwashi, mijinta ya rasu, ta gaishe ni da ladabi har da tambayar iyali, sannan ta ce irin da take da shi ke nan, yanzu me zan ba ta shawara ta yi. Wani mutumin Babura ya aiko da saƙo mai tsawo, ba ka jin komai sai takunsa a busasshiyar ƙasa, a ƙarshe ya ce, Malam, kai ka ce ya zauna. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni ina jin da na fi samun sauƙi.

A kwanakin nan ashirin da uku, a Manchester bai fi kwana huɗu aka yi ba ruwa ba. Ina fita tafiyata kamar kullum, in tsaya a bakin hanyar ruwan nan ina kallon yadda yake zuba a kan ruwa, a kan kwalta, a kan rufin motoci, inda ba mai bukatarsa. Ban san abin da zan roƙa ba. In roƙi ruwa, ga shi yana dukan hulata. In yi fushi da shi, ni da aka rene ni a kan cewa rahama ne. Na kan dawo ɗaki in sa abin saurare in ji ana shirin fita roƙon ruwa a Roni.

Na kira shugabar sashenmu na ce laifina ne, a cire ni. Ta ce hasashen ne ya saɓa, kuma ba a yankina kaɗai ba, in kwantar da hankalina. Na ji daɗi na kwana ɗaya. Sai na sami labarin abokin aikina da ke kula da wani yanki kusa da namu, shi ma taswirar nan ya gani, amma ya leƙa waje ya ce wa mutanensa su jira. To da ina gida da na ce a jira? Ina so in ce e. Amma a shekarun da nake kan babur ma na taɓa yin kuskure. Wataƙila tsufa ne. Wataƙila na saba da kwamfutar tun kafin in bar Kazaure. Abin da na sani kawai shi ne, ranar da yayana ya kira, babu tsoron ɗaukewar ruwa a jikina ko kaɗan, kuma malamin gona da ba ya wannan tsoro bai kamata a tambaye shi komai ba.

Yaya Ilu bai kira ni ba, ni na kira shi. Ya ba ni labarin tunkiyarsa da ta haifi biyu, da rufin masallacin unguwa da ake gyarawa. Sai da na tambaya da bakina ya ce ƙasa ta cinye gyaɗar, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya koma zancen tunkiya.

Na yi mako biyu ina juya abin. Hanya biyu ce a gabana. In bar aikin in zauna da matata, ko in riƙe aikin in koma inda ƙafata za ta taka gonar da nake magana a kanta. Alhaji Tanko ya ce in bar aikin, zai samo mini gadi a wani sito, har ma akwai 'yan filaye da hukumar gari ke ba mutane su yi lambu, zai sa sunana a layi. Ya ce mutum ba ya barin matarsa saboda gyaɗa. Na ce ba gyaɗa ba ce. Ya ce to mece ce.

Ranar hutun Ummanku, da la'asar, rana ta fito sosai, irin fitowar da mutanen garin ke cika filin shaƙatawa suna kwanciya a ciyawa. Muka zauna a benci. Na gaya mata duk abin da na gaya muku. Na ce akwai mutanen da na sa suka yi asara, ina so in je in tsaya a gabansu, kuma damina ba ta ƙare ba, akwai sauran abin da za a ceto. Saura mata shekara biyu da wani abu a yarjejeniyar aikinta, in ta bari duk wahalar da ta sha ta tafi a banza, ni ma ban ce ta bari ba. Na tambaye ta ko ta yarda in tafi.

"In haka zai ba ka natsuwa, Malam, na yarda."

Babu faɗa, babu ɗaga murya. Ita ta haɗa mini jaka.

Na iso gida a watan Yuli. Kwana ɗaya na yi a Kazaure na wuce Roni. Yaya Ilu ya sake shuka wurin da wake da gero ɗan gajere, sun yi kyau daidai gwargwado, amma irin gyaɗar nan ya ƙare a hannunsa ke nan. Muka zaga gonar. A gindin gawo na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ɗaga ni, ya ce in daina wannan, girma ya kama mu duka.

"Ni ma hannuna ya gaya mini kada in shuka. Na tona, na ji. Na bi naka ne don na ce kai kana ƙasar Turawa, kana ganin abin da ba na gani. To yanzu laifin wa?"

Na je da niyyar a yafe mini ko a yi mini faɗa, na dawo ba ko ɗaya. Na bi sauran mutanen ɗaya bayan ɗaya a kan babur. Matar 'Yankwashi mun samo mata irin wake a wurin 'yan'uwa. Mutumin Babura ya karɓe ni, ya ba ni fura, bai ta da zancen ba, bai kuma sake aiko da saƙo ba har na bar aikin.

Kada ku ɗauka da na dawo sai kaina ya dawo daidai. Ruwan farko da ya same ni a kasuwar Kazaure, kowa ya ruga rumfa, ni kuwa na ci gaba da tafiyata a tsakiyar titi. Sai da wani tsohon abokin aikina ya ƙwala mini kira daga wani shago, yana tambaya ko lafiya, sannan na ga yadda ake kallona. Da tsakar rana ƙafata kan nemi tafiya, in fita rana ta koro ni. Na yi wata da watanni ina ɗaga kai in dubi hadari kamar mai karanta wasiƙar da aka rubuta da hannun da ya taɓa sani. A hankali ya dawo mini, amma ban ƙara cewa kowa ruwa ya zauna ba. Nakan ce ga abin da na gani, ga abin da kwamfuta ta ce, tona ka gaya mini naka.

Abin da dawowar ta ci, Ummanku ce ta biya shi. A sanyi na biyu ciwon ciki ya kama ta a wurin aiki, aka yi mata tiyata cikin gaggawa. Matar Alhaji Tanko ce ta zauna da ita, ita ta yi mata wanka, ita ta dafa mata kunu. Ni a waya na ji, takarduna na komawa Ingila kuma sun riga sun lalace saboda daɗewar da na yi a gida, kafin a gyara ta warke ta koma aiki. A lokacin ne ke Zainab kika yi wata huɗu ba ki ɗaga wayata ba. Ban ga laifinki ba. Ta cika shekarunta, ta ƙara ɗaya da son ranta, ta dawo da furfurar da ba ta tafi da ita ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya sa na ɗauka zancen ya wuce.

Da na gama rubuta babin nan zuwa sakin layin da ke sama, na karanta mata shi a tsakar gida tana tsince shinkafa, don kada in sa mata a baki abin da ba ta faɗa ba. Ta yi dariya a wurin kwana tara. Ta gyara mini abu biyu ƙanana, na gyara. Da na kai ƙarshe na tambaye ta ko na faɗi gaskiya. Ta ce na faɗa, saura abu ɗaya.

"A bencin nan ka tambaye ni ko na yarda. Ba ka tambaye ni ko ina so ba."

Na ce to da na tambaya me za ta ce. Ta ture tsakuwa gefe da yatsa, ba ta ɗago ba.

"Da na ce ka zauna. Kuma da ka bi maganata ka zauna, Malam, na sani. Shi ya sa na ji daɗi da ba ka tambaya ba, shi ya sa kuma ban manta ba."

Na ce mata ban gane ba. Ta ce in rubuta haka nan, yaran za su gane.